KOTUN ƘWALLO: MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA



Da wuya a sami majalisar matasa da ba a musun ƙwallo a cikinta: wane ya cancanci jan kati, alƙalin wasa ya yi son kai, an cuci ƙungiya kaza. To amma ɗan uwa mai karatu ya sani, hukuncin da ake yankewa a fili ƙarami ne. Babban hukunci, wanda ke raba mutum da sana'arsa har abada, a ofisoshin Turai ake yanke shi, inda ba ɗan kallo ko ɗaya. A can ne ya kamata a tambaya: shin da mudu ɗaya ake auna wa kowa?

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, mai hedkwata a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, tana da kwamitin ladabtarwa da na ɗa'a da na ɗaukaka ƙara. Wanda bai gamsu da hukuncinsu ba, yana da kwana 21 ya kai kuka kotun sasanta rikicin wasanni, wato CAS, wadda aka kafa a 1984 a birnin Lozan, FIFA kuma ta amince da ita a 2002. Galibi alƙalai uku ke zama: kowane ɓangare ya zaɓi ɗaya daga jerin sunayen da kotun ta tanada, ita kuma ta naɗa shugaba. Daga nan sai kotun ƙolin Suwizalan, wadda ba ta sake bin shari'ar daga tushe, sai dai ta duba ko an taka wasu 'yan ƙa'idoji. Sannan dokokin FIFA sun hana 'yan ƙwallo kai ƙara kotunan ƙasashensu. A takarda tsari ne mai kyau. To, a zo a gani a aikace.

Samson Siasia ba baƙo ba ne ga masu bin ƙwallon Nijeriya. Yana cikin waɗanda suka ci kofin Afirka a 1994, shi ne kuma ya jefa wa Ajantina ƙwallo a gasar duniya ta wannan shekara. Da ya zama mai horarwa, ya kai 'yan ƙasa da shekara 20 wasan ƙarshe na duniya a 2005, ya samo azurfa a wasannin Olamfik na 2008 da tagulla a na 2016. A ranar 16 ga Agusta 2019 kwamitin ɗa'a na FIFA ya kore shi daga duk wata harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa, tare da tarar faran 50,000 na Suwizalan. Laifin shi ne cewa a 2010 ya yi ciniki da Wilson Raj Perumal, wani ɗan Singafo da ya yi ƙaurin suna wajen sayar da wasanni, a kan zai horar da wata ƙungiya a Ostireliya yana bin umarnin mutumin. Cinikin bai faɗa ba. Siasia ya bayyana cewa bai ga saƙonnin da FIFA ta aika masa ta imel ba, saboda haka aka yi shari'ar aka gama bai ce uffan ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin fiƙihu ya san alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda ake ƙara. Balle hukuncin da zai toshe wa magidanci hanyar abincinsa.

Da Siasia ya tashi ɗaukaka ƙara, sai da ya fito bainar jama'a yana neman a taimaka masa da kuɗin shari'a. Sai a watan Yuni 2021 kotun Lozan ta yanke hukunci. Ba ta wanke shi ba, ta tabbatar ya yi laifi. Amma ta ce korar har abada ta yi tsanani ga laifin farko wanda ba shi ya nemi a ƙulla ba, kuma bai kai ga ɓata wani wasa ba. Ta mai da korar shekara biyar, ta soke tarar. Ya gwada wata kotun Amurka a birnin New York, ta kori ƙarar a 2021 bisa cewa ba huruminta ba ne. Wa'adin ya cika a Agusta 2024.

Yanzu a ɗora ɗaya mudun. A ranar 14 ga Fabrairu 2020 hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta hana ƙungiyar Manchester City ta Ingila shiga gasanninta na kaka biyu, ta ci ta tarar Yuro miliyan 30, bisa zargin ta nuna kuɗin masu ƙungiyar a matsayin kuɗin talla don ta kauce wa dokar kashe kuɗi. Ƙungiyar ta ɗebi manyan lauyoyi ta nufi Lozan. Duk da annobar korona, aka saurari ƙarar ta bidiyo a watan Yuni, ranar 13 ga Yuli 2020 aka soke dakatarwar. Kotun ta ce wasu zarge-zargen ba a tabbatar da su ba, wasu kuma lokacinsu ya wuce, domin dokar UEFA ta ce ba a tuhuma bayan shekara biyar. Sai tarar Yuro miliyan 10 saboda ƙin ba masu bincike haɗin kai, wanda a wurin masu ƙungiyar bai wuce kuɗin cefane ba.

Ɗan uwa ya auna da kansa. Mai kuɗi ya sami hukunci cikin wata biyar. Siasia ya jira kusan shekara biyu, yana zaune ba aiki. An yafe wa ƙungiya abin da ya wuce shekara biyar, alhali an kama mutum ɗaya da maganar da ta shekara tara. Gaskiya ne dokokin biyu daban suke, kuma ba wanda ya ce alƙalan Lozan sun karɓi toshiyar baki. Matsalar ta fi haka zurfi. Kariyar tana nan a rubuce, amma sai mai lauyan da ya san shafi da sakin layi ke iya tono ta. Kuɗin buɗe fayil faran 1,000 ne kacal, sai dai lauya da shaidu da ƙwararru da tafinta duk a wuyan mai ƙara suke, ga shi da Turanci ko Faransanci ko Sifaniyanci ake shari'ar.

Bambancin bai tsaya kan aljihu ba, har da ƙasar da mutum ya fito. A Yuli 2014, bayan an fitar da Nijeriya daga gasar duniya ta Birazil, wata babbar kotu a Jos ta ba da umarnin da ya dakatar da shugabannin hukumar ƙwallon Nijeriya ƙarƙashin Aminu Maigari. Ranar 9 ga wata FIFA ta dakatar da Nijeriya baki ɗaya, ba ta ɗage ba sai ranar 18 ga wata, bayan an janye ƙarar an mai da shugabannin. To amma a 1995, da kotun Tarayyar Turai ta rusa tsarin sayar da 'yan wasa a shari'ar Jean-Marc Bosman ɗan Beljiyam, wa aka dakatar? Babu. Dokar aka gyara. A ranar 4 ga Oktoba 2024 wannan kotu ta ce wasu dokokin FIFA na sauya ƙungiya sun saɓa wa dokar Turai, a ƙarar Lassana Diarra ɗan Faransa, kafin shekarar ta ƙare FIFA ta fito da dokokin wucin gadi. A ranar 1 ga Agusta 2025, a ƙarar ƙungiyar Seraing ta Beljiyam, ta ce kotunan ƙasashen Tarayyar suna da ikon duba hukuncin Lozan idan ya taɓa ginshiƙan dokar Turai. Wato Bature yana da ƙofa ta biyu, ɗan Afirka kuwa ya taɓa tasa a rufe wa ƙasarsa fili.

Masu kare tsarin za su ce in aka bar kowace kotu ta sa baki gasa ba za ta yiwu ba, kuma 'yan siyasa za su mai da hukumomin ƙwallo gonar gado. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, musamman ga wanda ya san yadda ake sayo umarnin kotu a rikicin shugabanci. Haka nan sayar da wasa ha'inci ne, wanda ya yi ya cancanci horo ko ɗan wace ƙasa ne. An kuma buɗe asusun tallafa wa marasa hali da kuɗin shari'ar ƙwallo a 2023. Amma duk wannan bai amsa tambayar ba. In hana zuwa kotu doka ce, ta hau kan kowa. In kuwa akwai haƙƙin da ya fi ƙarfin dokar wasa, to ba Turawa kaɗai ke da shi ba.

Abin da ya kamata a fili yake. Kada a kori mutum har abada sai an tabbatar sammaci ya shiga hannunsa, ya sami lauya, an ji ta bakinsa. A sa wa shari'a wa'adi ɗaya, ta attajiri da ta talaka. Hukumomin ƙwallon Afirka da ƙungiyoyin 'yan wasa su tanadi lauyoyin da suka ƙware a wannan fanni, maimakon a bar mutum yana yawon neman taimako.

Su kuma 'yan uwa matasa masu burin buga ƙwallo a waje, gemun ɗan uwansu ya kama da wuta, sai su shafa wa nasu ruwa. Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba. Kada a ba hukuma adireshin da ba a dubawa. Duk wanda ya zo da maganar sayar da wasa a guje shi, a kuma kai rahoto, domin a dokar FIFA yin shiru ma laifi ne. Kwana 21 kuwa ba sa jiran kowa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a kasuwar da ake awo da mudu biyu, wanda bai san girman mudu ba shi ake fara cuta.

Allah Ya kare matasa daga zalunci, Ya kuma kare su daga yin sa.