Idan kuɗi ya sayi layi, wa zai biya talaka lokacinsa?

Ranar 17 ga watan Yuli na 1955 aka buɗe filin wasannin Disneyland a garin Anaheim na jihar Kaliforniya, a Amurka. Tikitin jabu ya yi yawa, jama'a ta wuce yadda aka shirya mata, abinci da abin sha suka ƙare. Tun daga wannan rana kamfanin Disney ya ɗauki layi a matsayin sana'a mai zaman kanta.

Dabarun da ya fito da su ba su da wuyar ganewa. Ana lanƙwasa layi tsakanin shingaye don ɗaruruwan mutane su samu tsayawa a ƙaramin fili ba tare da turereniya ba. Ana kafa allo a bakin ƙofa mai nuna mintocin da mutum zai jira, domin wanda ya san iyakar jiransa ya fi haƙuri. A 1999 kuma aka ƙirƙiro FastPass: na'ura ta ba mutum takarda mai ɗauke da sa'ar da zai dawo, ya tafi harkarsa, lokaci ya yi ya shiga. Kyauta ake ba da ita, attajiri da lebura duk ɗaya.

Amma a shekarar 2021 aka soke wannan tsari. A filin Disneyland na kusa da Paris, wanda aka buɗe a 1992, aka maye gurbinsa da Premier Access, wato a biya kuɗi a wuce gaba. Filayen Amurka ma suka bi sahu a shekarar.

Masu kare wannan mataki na cewa kasuwa ce, kuma ba a tilasta wa kowa ba. Lalle ɗan kasuwa na da ikon sa wa hajarsa farashi. Sai dai a duba abin da ake sayarwa. Kowane lilo yana da adadin mutanen da yake iya ɗauka a sa'a guda, kuɗi ba ya ƙara masa kujera ko ɗaya. Saboda haka duk wanda ya biya ya wuce, mintocin wani ya karɓa, shi kuwa wannan ya riga ya biya kuɗin shiga, kuma ko dala ba za a mayar masa ba. Kamfani ya sayar da lokacin da ba nasa ba. Abin da ya fi muni, muddin tsawon layi na kawo riba, mai wurin ba shi da dalilin gaggauta rage shi.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yakan cika maƙil da yara a ranakun salla. Shi da duk wurin da jama'a ke dafifi za su amfana da rabin farko na darasin Disney: shingaye, ƙarin wuraren sayar da tikiti, inuwa da ruwan sha, da takarda mai lamba da sa'a. Rabi na biyu ne ya kamata a guje masa. Ma'aikacin da ya taɓa yini a banki yana jiran albashi, da ɗan kasuwar da motarsa ta kwana a bakin iyaka, sun san zafin ganin wani ya shige ta ƙofar baya. Hukuma ta buga wa wannan ƙofa hatimi ba zai mayar da ita adalci ba. Wanda ya riga zuwa, shi ya cancanci ya riga shiga.