Ƙafar Roba Ba Ta Girma da Yaro

Ranar 3 ga Disamba, 2023, mutanen Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna suna tsakiyar Mauludi, jirgin sojoji maras matuƙi ya sako musu bom. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, kuma mata da yara suna da yawa a cikinsu. Aka kwashi waɗanda suka jikkata zuwa asibitin Barau Dikko. Manya suka yi ta tururuwa, aka tsaya a bakin gado ana ɗaukar hoto, aka sanar da gudummawar miliyoyin naira. Da ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa.

Da ku nake, masu hannu da shuni na Arewa, da 'yan siyasarmu, da mu talakawa da muke tura hoton yaro cikin jini a WhatsApp mu rubuta "Allah sarki" mu wuce. Abin da muke yi sunansa dubiya, kuma mun ɗauke ta a matsayin jinya. Wannan abin kunya ne.

Yaron da aka yanke wa ƙafa yana ɗan shekara biyar ba a gama da shi ranar da aka sallame shi ba. Ranar ma aka fara. Ƙashinsa bai daina girma ba. Sau da yawa ƙashin dungun yakan yi tsini ya nemi huda fata, sai an koma da shi an sake yi masa tiyata. Ƙafar robar da aka auna masa bana, baɗi ta yi masa kaɗan, kamar yadda takalmin sallar bara ke matse ɗanka. Idan ba a canza ta ba, sai ta goge masa fata ta zama gyambo, ya yar da ita ya koma rarrafe ko dogara sanda. Yarinyar da wuta ta ƙona, tabon yana jan fata yayin da take girma, har hannu ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, sai likita ya saki wurin, a bi da gashi na watanni. Ga ƙwayoyin cutar da ke shiga ƙashi su ƙi jin magani. Ga dodon kunnen da ƙarar bom ta fasa. Ga firgitar dare da ba ta fitowa a hoto. Jinyar irin wannan yaro ba ta ƙarewa sai ya gama girma, shekara goma ko fiye.

To wa ke riƙe da wannan doguwar jinya? Tun 2009 ake yaƙi a Borno. A Rann, ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin yaƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira, kuma ma'aikatan Red Cross da Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, su ne a kan masu rauni, wasu 'yan agajin ma a nan suka rasu. Kwamitin Red Cross na duniya ne ya tallafa wa aikin haɗa ƙafa da hannun roba a asibitin ƙashi na Dala a Kano, shi ne kuma ya taimaka aka buɗe cibiyar wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020. Allah ya saka musu. Amma kuɗin nan na baƙi ne, mutanen da ba su taɓa jin sunan Gwoza ko Bama ba kafin yaƙi. A 2025 gwamnatin Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, ayyukan lafiya da dama a Arewa maso Gabas suka girgiza. Kayan aro ba ya rufe katara, mun sani tun daga kakanni.

Kada wani ya ce babu kuɗi. Akwai wanda ke zuwa Umra kowane azumi shi da iyalansa. Akwai bikin da ake kwana bakwai ana liƙi. Sau da yawa abin da ke yanke jinyar yaro bai wuce kuɗin mota daga ƙauye zuwa Maiduguri ko Kano ba, da abincin da uwa za ta ci a kwanakin da take zaman jinya. Uban da aka kora daga gonarsa ba shi da shi. Sai a fasa komawa, bayan shekara biyu ka ga yaron a kan titi riƙe da ƙoƙon bara, ka miƙa masa naira ɗari ka ji ka yi sadaka.

Muna da hukumomin zakka da waƙafi a Sakkwato da Zamfara da Kano. Su ware asusu na musamman don jinyar waɗannan yara, mai lissafi a fili. Kai kuma Alhaji, kai da Allah ya hore wa, je sashen ƙafar roba na asibitin da ya fi kusa da kai ba tare da mai ɗaukar hoto ba. Ka nemi a haɗa ka da yaro ɗaya, ka ɗauki kuɗin motarsa da aikinsa da makarantarsa, kada ka sake shi sai ya cika shekara 18.