Wat 100 a ɗakin mutum shida? Ku ji tsoron Allah ku bar yaron nan

Jiya da daddare a wurin mai shayin da muke taruwa a bayan hostal na ga abin da ya tsaya min a wuya, shi ya sa yau na hau rubutu tun kafin in karya. Wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya, wata huɗu ke nan da zuwansa Legas daga gida, ya samu jitar lantarki ta hannu, wani ɗan ajinsu da ya gaji da ita ne ya sayar masa. Sai ya yi tambaya mai kyau: wace amfilifaya zai saya, ga shi kuɗin hannunsa ba su taka kara sun karya ba? Kafin ya rufe baki manyan yayye sun yi masa caa. Wannan ya ce kada ya kuskura ya sayi ƙasa da wat 50. Wancan ya ce ina, sai 100, wai don kada a raina mu. Wani ma cewa ya yi in ba mai kwalba ba ce to kayan wasan yara ne, haka ya gani a YouTube. Yaro ya zaro waya yana lissafi, na leƙa na ga lissafin ya ci kuɗin abincinsa har ya taɓa na littattafai. Mutum huɗu suka ba shi shawara, kuma na rantse a cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe jita na minti goma.

Ban tanka a wurin ba, don kada a ce na kunyata manya a gaban yaro. A nan kam zan yi magana. Masu shirin zuwa min da batun halas da haram kuma, don Allah ku kai wa malamai, ba shi na zo yi ba. Yaro ya riga ya sayi jita. Abin da ya rage shi ne kada a cuce shi.

Ni ba labari aka ba ni ba, a jikina na ji. Ina aji biyu irin wannan hurarwar ta kai ni wani shagon kayan tokumbo, na kwaso wata gingimarar amfilifaya mai wat 100, sifika biyu manya, sai da muka kama mu biyu kafin ta hau bene. Kuɗin da Baba ya turo na zango guda, kusan rabi a nan suka tafi. Ɗoki bai bar ni na duba bayanta ba. Ashe kayan Amurka ce, wutar can bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Ina jonawa na ji ɗas, sai warin ƙona. Mai gyara ya ci nasa, na kuma sayi taransifoma mai rage wuta. To bayan ta tashi fa? Ko lamba 2 ban taɓa kai maɓallin ƙararta ba. Mu shida ne a ɗakin, biyu Yarabawa, ɗaya ɗan Ibo mai karatun likita wanda ba ya ɗaga kai daga littafi. Ran da na ɗan murɗa ta don in ji daɗin kuɗina, har daga ƙasa aka hauro ana buga ƙofa. Wata uku tana zaune ana ɗora mata bokiti da kwanon gari, ni kuma ina koyo da jita a kashe, ba sauti. Ƙarshe na sayar da ita da asara, na yi sauran zangon da garau-garau.

Ga abin da masu kiran wat ba su sani ba. Wat ba ya tafiya da kunne ɗaya bayan ɗaya. In ka ninka wat sau biyu, abin da ya ƙaru desibel 3 ne kacal, ɗan bambanci ne da za ka ji amma ba zai girgiza ka ba. Sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku biyu. Wato mai wat 100 ba ta fi mai wat 10 ƙara sau goma ba, wajen sau biyu ne. Ita kuwa mai wat 10 ɗin, murɗe ta zuwa ƙarshe a ɗakin hostal ka gani in ba a kira maka masu gadi ba. Su kansu masu ƙerawa sun san haka. Boss Katana-50, wadda ake ta yabo, an sa mata maɓallin da ke sauko da ita zuwa rabin wat, don mai ita ya iya koyo a gida ba tare da ya yi faɗa da maƙwabta ba. Rabin wat fa! Kamfani ya ce rabin wat ya isa ɗaki, kai da ba ka san inda ake soka waya ba ka ce sai 100.

Batun mai kwalba kuma, wato masu kwalaben gilashin nan a ciki irin na tsoffin rediyo, ban musa ba, sautinsu da daɗi. Amma daɗin nasu ya fi fitowa in an buɗe musu wuta sosai, abin da ba za ka taɓa yi a hostal ba. Ga nauyi, ga tsada, kwalaben suna tsufa sai an canza, kuma in ka kunna ta ba a haɗe da sifika ba kana iya ƙona mata taransifoma. Ka ɗauki wannan ka ba yaron da bai gama sanin sunayen tsirkiyoyi shida ba, a ginin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, yau ƙasa gobe sama, jibi janareta. Wannan ba shawara ba ce, mugunta ce da fara'a.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa meye na ɓata kuɗi, ya jona a sifikar Bluetooth ɗin da ake jin waƙa mana. Su ma ba su yi daidai ba, duk da dai nasu kuskuren ba ya cin kuɗi. Abin da ke fita daga jitar lantarki sigina ce mai rauni, tana son ƙofar shiga da aka yi musamman dominta. In ka cusa ta a ramin da aka yi wa waya ko kwamfuta, sautin zai fito siriri, a dushe, ba rai. In ta iska ka bi da Bluetooth kuwa, sai ka kaɗa tsirkiya sannan sautin ya biyo baya, kuma babu abin da ke lalata hannun mai koyo kamar wannan jinkirin. Sannan ita sifikar jita da gangan aka yi ta tana yanke sautuka masu tsini sosai, shi ya sa ƙarar nan mai kaushi ta mawaƙan rok ke fitowa da daɗi a cikinta, amma a sifikar waƙa sai ka ji kamar ƙudan zuma a gwangwani. Yaro zai ɗauka shi ne bai iya ba, ya ajiye jita.

To me zai saya? Ƙarama. Tsakanin wat 3 zuwa 20, in ya yi yawa 25. Kuma kafin ya tambayi wat, ya tambayi abu biyu: tana da ramin hedifon? Tana aiki da batir? Ramin hedifon shi ne zaman lafiyarka da abokan ɗaki, shi ne zai ba ka damar koyo ƙarfe 1 na dare lokacin da ka gaji da karatu. Batir kuwa, kowa a nan ya san dalili, ba sai na faɗa ba. Blackstar Fly 3 wat 3 ce, batir shida ƙanana take ci, tana shiga jakar goyo. Boss Katana Mini wat 7 ce, ita ma batir shida. Akwai Vox amPlug, wadda ko sifika ba ta da ita, ɗan abu ne kamar kwalin ashana babba da kake sokawa a jikin jitar kai tsaye ka sa hedifon, batir biyu ya ishe ta. In kana da tabbacin wuta, Fender Frontman 10G da Marshall MG10 duk wat 10 ne, duk suna da ramin hedifon da na jona waya ka bi waƙa kana kaɗawa. Wanda aljihunsa ya ɗan yi nauyi, Fender Mustang LT25 tana kwaikwayon sautin amfilifaya iri-iri a cikinta, ba sai ka sayi ƙarin na'urori ba. Ni dai da zan koma baya, mai batir zan ɗauka in huta. Ban sa farashi ba da gangan, don dala ba ta zama wuri ɗaya, abin da na faɗa yau zai zama ƙarya wata mai zuwa.

In ta hannu za ka saya, a Alaba ne ko a wurin wani ɗalibi, babu laifi, amma kada ka je hannu rabbana. Tafi da jitarka da wayarka. Fara juya ta ka karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga, in ba ka ga 220 zuwa 240 a ciki ba, ajiye, ko ka sa kuɗin taransifoma a lissafi. Murɗa kowane maɓalli a hankali kana saurare, in yana ƙarar-ƙarar kamar ana taka busasshen ganye, akwai gyara a gaba. In ka ji guuu ɗin nan, rage ƙarar jitar zuwa sifili. In ya ɗauke, daga jitar ne, wasu jitocin haka suke, ba matsala. In bai ɗauke ba, canza waya ka sake gwadawa, in har yanzu yana nan to amfilifayar ce ke da ciwo. Gwada ramin hedifon a gaban mai shagon. Kada ka yarda da "sai ka je gida za ta yi". Kuma tambarin da aka manna a gaba ba hujja ba ne, kowa yana iya manna tambari.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a kanta. Ka bar na waya mai kyau, don waya mai arha ita ce rabin ƙarar banzar da mutane ke ɗora wa amfilifaya laifinta. Ka bar na tsirkiya, don laimar Legas tana cin su da tsatsa fiye da yadda muka saba a gida. In kuma wani mai jitar bes ya zo aro, ka ba shi haƙuri, ƙaramar sifikar jita ba ta ɗaukar wannan nauyin, yana iya yaga maka ita.

Na san abin da za a ce: to in aka gayyace shi wasa a taro fa? Malam, yaron da jiya ya fara, yatsunsa ko kanta ba su yi ba, wane taro? In ranar ta zo, duk wurin taron kirki akwai manyan sifiku, makirfo ake karawa a gaban ƙaramar amfilifayarka a ji ka har bakin ƙofa. Na yarda, ran da ya fara kaɗawa da mai ganguna, wat 10 ba za ta iya ba, a nan ne mai wat 50 da sifika inci 12 za ta yi rana. Amma lokacin kunnensa ya buɗe, ya san sautin da yake so, ba sai majalisar mai shayi ta zaɓa masa ba.

Abin da ya fi ɓata min rai a zancen jiya shi ne kalmar nan, kada a raina mu. Wa zai raina mu? Yaran nan da suka taso suna kiɗa a coci tun suna firamare, na zauna da su, wanda ya fi kowa hannu a hostal ɗinmu da wata 'yar mitsitsiyar amfilifaya mai fashe a gefe yake atisaye, kuma ba ya duba girman akwatin kowa, yatsunka yake kallo. In abin alfahari kuke nema, ku duba maƙwabtanmu na Nijar. Mdou Moctar, wanda yanzu yake zagaya Turai da Amurka da jita, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya yaɗu daga waya zuwa waya. Da ya tsaya jiran wat 100 da yanzu ba mu san sunansa ba. Mu kuwa muna son yaro ya kwana da yunwa don a ga ƙaton akwati a ɗakin ɗan Arewa, alhali ba mu ne za mu amsa wayar mahaifinsa ba ran da kuɗi suka ƙare a tsakiyar zango.

Ƙanina, in kana karantawa, kada ka tura wa kowa ko sisi tukuna. Ranar Asabar ba ni da lacca, ka same ni bayan azahar a wurin mai shayin, ka taho da jitar da wayarta. Zan kawo tawa ƙaramar ka gwada awa ɗaya da hedifon, in ta yi maka sai mu shiga kasuwa tare. Kuɗin mota kowa ya biya nasa.