Kafin a hau lilo, a san abin da za a ci

A wurin wasanni na Disney World da ke jihar Florida a Amurka, ana fara kama teburin cin abinci tun kwana 60 kafin ranar zuwa. Iyayen yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, madara ko ƙwai sukan rubuta hakan a lokacin kama wurin, in sun isa kuma su nemi ganin mai girki ido da ido.

Mu nan babu mai kama tebur a Gidan Zoo na Kano ranar yawon Sallah, amma haɗarin ɗaya ne. Da garin ƙuli-ƙuli ake haɗa tsire, kuma mai tsire ba zai faɗa ba sai an tambaye shi. Wani yaron ɗanɗanawa kawai zai yi leɓensa ya kumbura, numfashi ya sarƙe. In haka ta faru, asibiti nan take, ban da jiran ya lafa.

Idan ƙaninka ko ƙanwarki na cikin irin waɗannan, ku zauna da Umma tun daren jajibere, a zuba abincinsa a kula daban. Kuɗin barka da Sallar da ke aljihunsa ma a sa musu ido, domin ba sai ya nemi izini zai nufi teburin mai tsire ba.