Tawadar Allah: kafin a kai wa fuska aska

Saura mako uku bikinta, 'yar yayana ta sauka a gidana daga ƙauyensu da ke ƙasar Kiru. Ko ruwa ba ta sha ba ta janye gefen hijabinta ta ce, "Gwaggo, dubi abin da ya same ni." A ƙasan kuncinta na hagu, inda tun tana goye na san ta da 'yar tawadar Allah mai tudu kamar ƙwayar dawa, sai ga miki faɗin murfin kwalbar lemo, gefensa baƙi, tsakiyarsa ja, yana tsattsafo da ruwa. Mai gyaran jikin da aka ɗauko mata ce ta kwaɓa sodar yin sabulu, ta ɗiga mata da tsinken ashana, ta ce ta daure da raɗaɗin zuwa asuba, abin zai faɗi da kansa. Ya faɗi kuwa, amma da fatar da ke kewaye da shi ya tafi. An yi biki da miki a fuska. Kafin wata shida wurin ya taso, ya yi tauri, yana sheƙi, yana ƙaiƙayi, ya ninka abin da aka cire sau huɗu.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ke yada zango a Kwanar Ɗangora ko yake cin kasuwar Tudun Wada ya san masu tallar magani da lasifika, kuma cikin abin da suke kirari da shi har da mai "cire tsiro ba tabo". Wasu nonon tumfafiya suke ɗigawa, alhali ko a ido ya fantsama ana kwana da kuka. Wasu kanwa, wasu ruwan batir, wasu a ɗaure da zare har ya ruɓe, wasu kuma a kira wanzami ya shafce da aska. Yanzu an ƙara da 'yan kwalabe da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Wannan ba rashin wayewar ƙauye ba ne. A Amurka ma sai da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta aika wa kamfanoni, har da Amazon, takardar gargaɗi a watan Agustan 2022 kan sayar da irin waɗannan magungunan, tana mai cewa babu ko ɗaya da ta amince mutum ya saya ya cire tawada da kansa.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, ba a cire tawada a bar fata kamar ba a taɓa ba. Musaya ake yi: ka ba da tudu, a ba ka tabo. Gwanintar likita ita ce ya sa tabon ya zama siriri har sai an ƙura ido za a gan shi. Duk wanda ya ce miki ba za a ga komai ba, kuɗinki yake so.

Kuma ba kowane tsiro ne tawada ba. Akwai tawadar gaske, wadda ƙwayoyin da ke ba fata launi suka taru wuri ɗaya, wani lokaci har gashi ya fito a kanta. Akwai 'yan ƙananan baƙaƙen ƙuraje da ke feso wa baƙar fata a kumatu da gefen ido idan shekaru suka fara ja, irin na fuskar ɗan fim ɗin nan Morgan Freeman. Likita Aldo Castellani ne ya fara bayyana su a 1925, gado ne, ba sa rikiɗewa su zama cuta. Sai kuma wanda ake tsoro: tsiron da ke sauya kama, yana ƙara girma, gefensa ba daidai ba, launinsa ya rarrabu, ko yana jini ba tare da an taɓa shi ba. Irin wannan ana yanke shi ne a kai ɗakin gwaji a duba ko ciwon daji ne. Wanda ya ƙone shi da soda ya ƙone shaidar, saiwar kuma tana nan a ciki. Gaskiya ne dajin tawada bai cika kama baƙar fata a fuska ba, ya fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, kamar yadda ya kama mawaƙi Bob Marley a ɗan yatsan ƙafa har ya yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36. Amma 'yan'uwanmu zabiya, su kam duk wani sabon tsiro ko gyambon da ya ƙi warkewa a fuska ko wuya, ranar da aka gan shi ranar ya kamata a nufi asibiti.

A asibiti, bayan allurar kashe zafi, hanya biyu aka fi bi. Ko dai a shafce tudun daidai da fata, ba ɗinki, wurin ya warke cikin mako ɗaya zuwa biyu ya bar ɗan tambari, sai dai yana iya sake tsirowa tunda gindinsa na ciki. Ko kuma a yanke shi har gindi, a ja yankan ya bi layin da fuska ke lanƙwasawa idan an yi murmushi, a ɗinke da siririn zare, a warware bayan kwana 5 zuwa 7. Ƙananan baƙaƙen ƙurajen nan kuwa da ɗan tsinken lantarki ake taɓa su. Akwai daskarewa da ruwan sanyi na musamman, amma a fatarmu yakan bar farin tabo, shi ya sa likitocin da suka san baƙar fata ke ɗari-ɗari da shi a fuska.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne tabon nan mai tasowa, wanda likitoci ke kira kiloyid. Ya fi samun baƙar fata, ya fi kama matasa, yana bin jini, kuma ya fi son fatar kunne, haɓa, gefen muƙamuƙi, ƙirji da kafaɗa. Jikinki ya riga ya ba ki labari, duba kawai za ki yi. Yaya hujin kunnenki ya warke? Lambar da aka yi miki a dantse tana jaririya, shafaffiya ce ko ta yi tudu? Tsagar wanzami a jikin iyaye da 'yan'uwa fa? Da an tambayi 'yar yayana, da ta nuna ƙullutun da ke bayan kunnen mahaifiyarta, da magana ta ƙare a nan. Mai irin wannan jiki, idan tawadar ba ta ciwo, ba ta sauya kama, ba ta tare ido, ni shawarata a bar ta. Garin gyaran gira ake rasa ido. Iyayenmu da suka raɗa mata suna tawadar Allah ba aibu suka ɗauke ta ba, sau da yawa ma ado ce.

Ba ina cewa duk mai son cirewa ya yi laifi ba. Na san magidancin da reza ke yanke masa ita duk ranar aski, na san yarinyar da tsokanar 'yan aji ta sa ta daina ɗaga kai. Waɗannan suna da hujja. Su je inda ya dace, kuma su san rabin aikin a gida yake. A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu mara ƙarfi, a shafa Vaseline, a rufe. Kada a barbaɗa toka ko garin kafso, kada a shafa man goge baki, kada a ɓantare ɓawon. Idan ya rufe sarai, akwai man silikon da ake shafawa kullum wata biyu zuwa uku, yana taimakawa tabo ya kwanta. Rana kuma tana baƙanta sabon tabo, don haka mai wuni a gonar rake ko fadamar shinkafa a gefen Tiga ya nemi malafa. Mai shafa man bilicin ta gaya wa likita gaskiya, domin da yawansu suna sa fata ta yi sirara ta ƙi haɗewa da wuri. Sannan a yi haƙuri: tabo yakan ɗauki shekara ɗaya, wani har da rabi, kafin ya nuna kamanninsa na ƙarshe. Kuma kada amarya ta bari a taɓa mata fuska ana saura kwanaki biki.

Wanzamai ba abokan gabana ba ne. Su suka yi mana aski da ƙaho da kaciya tun kafin a kafa asibiti, kuma na san masu cewa "wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti". Sai dai aska ɗaya a jikin mutum goma hanya ce ta ciwon hanta, kuma ido kaɗai ba ya bambance tawada da daji.

To amma asibitin yana ina? Nan ne nake jin ciwon abin. Likitocin fata da na gyaran tabo suna birni, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, ko kuma Shika a Zariya. Mutumin Riruwai sai ya yi sammako, ya keta dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya shafe sa'o'i a mota, ya biya kuɗin zuwa da dawowa, mai yiwuwa a ba shi wata ranar. Mai soda kuwa tana maƙwabta, kuma ko bashi za ta yi masa. Ina roƙon Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ta riƙa turo likitan fata babban asibitin Tudun Wada ko da sau ɗaya a wata, a sanar a rediyo da masallatan Juma'a, mutanen Doguwa da Bebeji da Kiru su san ranar. A kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane tsiron da za a bari da wanda za a tura gaba.

'Yar yayana yanzu duk bayan mako huɗu take shigowa birni a yi mata allura a cikin tabon. An yi uku. Ƙaiƙayin ya tsaya, tudun ya fara laushi, likita ya ce zai kwanta amma ba zai ɓace ba. Ranar Talata za mu koma ta huɗu.