"Kai Ma Ai Kana Cin Kifi" Ba Amsa Ba Ce



Duk lokacin da aka tayar da maganar ƙarewar kifi a ruwayenmu, jimla ɗaya ce take kashe muhawarar: "Kai ma ai kana cin kifi." Da an jefa ta sai a yi shewa, mai magana ya ja bakinsa ya yi shiru, kowa ya kama gabansa. Abin takaici, har a cikinmu masu riƙe alƙalami akwai waɗanda suke ganin wannan ai an ƙure mutum ke nan. Ni kuwa ina ganin gudu ne daga magana.

Ban musa ba, akwai munafunci a harkar nan, kuma babbansa a ƙetare yake. A gaɓar tekun Muritaniya da Senegal da Gambiya akwai masana'antun da aikinsu shi ne niƙa ƙananan kifaye su mayar da su gari da mai. Birnin Nuwadibu na Muritaniya ya taɓa cika da su. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo 1 na garin. Daga nan a loda a jirgi zuwa Sin da Turkiyya da Turai, a ciyar da aladu da kaji da kifin salmon da ake kiwo a ƙasashe irin su Norwe. Wato kifin da matan Senegal suke bandawa su sayar wa talaka, shi ne abincin kifin da mai kuɗi zai ci a Turai, ya goge baki, ya hau intanet yana yi wa Afirka wa'azin kare muhalli. Wanda ya ji haushin wannan ya yi gaskiya.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Baturen Norwe ne ya ɗinka gidan sauron da aka raba don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ya mayar da shi taru? Shi ne yake zuba gamalin a tafki, kifi da kwaɗi su taso a mace, a kwashe a kai kasuwa? A tafkin Kainji an daɗe ana kokawa da taru mai ƙananan idanu wanda yake sharo uwa da 'ya'ya. Tarwaɗar da aka kama da cikin ƙwai a farkon damina, kifin baɗi ne aka cinye bana. Masunci kuma ba zai kama 'yan mitsi-mitsin ƙarfasa ba in ya san babu mai saye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wanda ya ce shi kifin ƙanƙara yake ci, shi ma bai tsira ba. Titus ɗin da ake soyawa a bakin titi daga arewacin tekun Atilantika ake kawo mafi yawansa, kuma ƙasashen da suke kama shi sun shafe fiye da shekara 10 suna zarce adadin da masana suka ba su shawara.

To tunda kowa hannunsa da ƙarni, sai a rufe maganar? A'a. Likitan da yake shan taba in ya ce maka taba tana lalata huhu, gaskiya ya faɗa ko da kara yana bakinsa. Ka kira mai magana munafuki sau dubu, kogin ba zai ƙara kifi ko ɗaya ba.

Haka kuma ban yarda da masu kwaso mana wa'azin "a daina cin kifi" daga shafukan Turawa su fassara su liƙa ba. Uwar da take marmasa banda ɗaya a tukunyar miyar kuka don mutum takwas ba ita ta ƙarar da kifi ba, kuma ba ta da zaɓin da za a yi mata gori a kai. Zaɓi yana wurin mai hali: ya ƙi sayen jariran kifi, ya ƙi mai ƙwai, ya tambayi yadda aka kama. Sauran aikin na hukuma ne da sarakunan ruwa: girman idon taru, lokacin hutun ruwa, da hukunta mai zuba guba.

Wannan ma ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, Sarkin Ruwa yana tsare Matan Fada, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe. Hutun nan shi ne sirrin giwan ruwan da ake ɗaga wa duniya a hoto. UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya a 2016, mu kuwa mun riƙe hoton mun saki darasin.

Ga ƙalubalena gare ku. A cikin littattafanmu jarumi yana cin farfesun kifi a shafi bayan shafi, amma nawa ne suka taɓa sa masunci ya zama jarumi? Wa ya rubuta mana Basarken Yawuri da ya kwana a kwalekwale ya dawo da abin da bai kai kuɗin taru ba, ga bashin dillali, ga gidan sauro rataye a ɗaki yana jarabtarsa? Ku je Yawuri, ku je Nguru, ku zauna da tsofaffin masunta, su gaya muku rabonsu da ganin babban yauni. Ku koyi bambancin birgi da koma kafin ku yi hukunci.

Kuma gobe in wani ya ce muku "kai ma ai kana ci", ku amsa masa da cewa: ƙwarai ina ci, shi ya sa nake so jikokina su ma su ci.

Allah Ya sa mu dace.