Kakarka Ba Mayya Ba Ce, Ba Ta Da Lafiya Ne

Da ƙaramar salla na je Icirnawa gaida kakata. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai ɗan wane ne?" Ni da ta goya! Cikin dare ta ɗauki ƙwarya, wai za ta kai wa mijinta fura gona, mutumin da ya rasu tun ina lakkol. Da safe na ji maƙwabta na raɗa cewa tsohuwar da ke yawon dare ai an san irinta. Ba wanda ya ce maita, amma kowa ya gane.

Mu kuma a gida sai muka ce gigin tsufa ne, muka yi shiru. To ƴan uwa, nan laifinmu yake. Ba kowane tsoho ke ruɗewa ba. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma iri-iri ce. Wadda ta fi yawa ita ce Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu wannan larura. Tsohuwa za ta ba ka labarin farin 1973 daki-daki, amma ta manta ta ci tuwo ɗazu. Akwai wadda ke sa mutum ganin mutane ko dabbobin da babu su, mu ce aljanu. Akwai mai canza hali, dattijo mai kunya ya koma zage-zage.

Wadda ta fi ci min rai ita ce ta jijiyoyin jini, wadda hawan jini ke jawowa sannu a hankali, domin ita ana iya rage ta da awo da magani. Wata ruɗewar ma ba wannan cuta ba ce sam: ƙarancin bitamin B12 ko ciwon fitsari, a yi magani tsoho ya dawo hayyacinsa. Alzheimer kam ba ta warkewa, magani irin donepezil sassautawa kawai yake. Amma in ba a je gidan likita ba, wa zai bambance?

Muna zaune Damagaram da Yamai muna tura kuɗin goro, wallahi ko sau ɗaya ba mu tambayi awon jininta ba. Da na kai ta, jinin ya hau sosai. Yanzu gwaggona ke ba ta magani kowace safiya. Jiya a waya ta kira ni da sunan babana, na amsa.